Godiya ga ma'aikatan Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna

Assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin firamare ne, mazaunin Kawo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani bawan Allah da ke aiki a gidan tarihin nan na kan titin Ali Akilu, wanda har muka rabu ban tambayi sunansa ba. Tsufa ke nan.

A hutun da ya wuce jikokina huɗu suka zo mana. Babbansu, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya hana ni sakat, wai sai na kai su inda za su ga kimiyya da idonsu, ya gaji da ganin ta a allo. Na ɗauki shatar tasi muka nufi wani wuri da aka yi mini kwatance, ba sai na kama suna ba. Mun fi minti arba'in a bakin ƙofa, rana na dukan mu. Mai gadi ya ce mai makulli ya fita. Da na matsa, sai ya ce ai ko ya dawo sai mun kawo takarda daga wajen oga, oga kuma yana Abuja. Can ya sassauta murya ya ce, "Baba, ba ɗan na goro?" Na tattara yarana muka koma mota. Autarsu na kuka, mai ɗakina Hajiya na yi mini kallon ai-na-faɗa-maka. Direban ne ya ce tunda mun riga mun fito, mu leƙa gidan tarihi mana, ga shi a kan hanyarmu ta komawa.

Kunya ta kama ni. Tun 1975 aka buɗe wurin nan, na wuce ta ƙofarsa ba adadi, ban taɓa leƙawa ba.

Mun biya kuɗin shiga, aka ba mu rasit. Sai ga wannan mutumin ya taso, ya rusuna ya gaishe mu, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ajinsu. Da muka iso gaban kawunan yumɓun nan na Nok, Hajiya ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi, Malam, gumaka ka kawo mu gani?" Na zaci zai ɓata rai. Murmushi ya yi ya ce, "Mama, ki ɗauke su kamar tsohuwar tukunya da aka tono a kufai, labarin mutanen da suka shuɗe muke karantawa a jikinsu." Ya jawo mata kujera saboda ƙafarta.

Ya ba su labarin yadda masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan a ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba a 1928, da yadda wani ya kafa kai guda a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bature Bernard Fagg a 1943. Yara suka yi ta dariya. Ya nuna musu hudojin da ke ido da hanci da baki, ya ce cikin kan holoƙo ne, ta nan iska mai zafi ke fita lokacin gashi, in ba haka ba yumɓun sai ya tsage.

Nan fa babban jikana ya jefo tambayar da ni kaina ba zan iya amsa ta ba: "To wa ya gaya muku shekarunsa, tunda ba a rubuta ba?" Na harare shi. Mutumin ya ce, "Baba, ƙyale shi, tambayar ke nan." Ya tsuguna daidai tsawon ƙananan, ya ce masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus sun tono ƙonannun ƙwayoyin gero da wake a inda mutanen Nok suka zauna. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon. Da zarar ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya cikin kimanin shekara 5,730. A auna abin da ya saura a ƙwayar gero, a san lokacin da aka girbe ta. Da haka aka gano farkon zamansu ya kai wajen shekara 3,500. Har alamar kakin zuma an samu a tukwanensu. Hajiya, da ta ce ba ruwanta, ta ce ashe su ma sun san kunu da zuma.

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, ban taɓa yi wa ɗalibi bayanin da ya shige shi haka ba.

Da za mu fita na dunƙule ɗan abin da ya sawwaƙa na miƙa masa. Ya maida hannunsa baya ya ce, "Baba, aikina ne, addu'a za ka yi mini." Ni da na yi wata bakwai ina jeka-ka-dawo a kan kuɗin fanshona, fayil ɗina ya ɓace sau biyu har sai da aka ga abin da ke hannuna, sai na tsaya ina kallon sa kawai. A ofisoshinmu yanzu, ka yi sallama ma'aikaci na latsa waya, sa'an ɗanka ya amsa maka da hanci. Su ma fa albashin gwamnati suke karɓa, kamar shi.

Allah Ya saka masa da alheri, Ya yi wa zuriyarsa albarka, tare da sauran abokan aikinsa. In shugaban gidan ya ga wannan, mutumin dogo ne siriri, mai tabarau, ranar Asabar muka zo.

Washegari Hajiya ta tarar da yaron ya ƙona mata gero rabin gwangwani a kasko, ya binne a bayan ɗaki, wai don na gaba su san lokacin da muka zauna a Kawo.