Hayaƙin da ke tashi daga murhunmu shi ma labari ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan yadda ake kawo mana batun sauyin yanayi, mu mutanen karkara. Na lura duk lokacin da aka taɓo zancen, sai a kai mu masana'antun Sin da na Amurka, ko tarukan da shugabanni ke yi a ƙasashen waje, har mutumin ƙauye ya ɗauka abin bai shafe shi ba, alhali hayaƙin da ya fi cutar da iyalinsa daga madafar gidansa yake tashi safe da yamma.

Ba na musun cewa manyan ƙasashe ne suka cika sararin samaniya da iskar kabon mai ɗumama duniya, domin abin da Afirka baki ɗayanta take fitarwa a shekara bai kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Duk da haka mun sha ɗacin abin. A ambaliyar 2022, wadda ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, mu a nan yankin Ringim mun ga ruwa ya shanye gero da shinkafa suna dab da nuna, gidajen ƙasa kuma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bala'i ba mu da ikon hana shi da hannunmu. Akwai kuwa wanda muke da iko a kansa, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Duk wanda ya shiga madafa a ƙauye ya ɗaga kai zai ga kunkunniya ta baƙanta azara da rufin ɗaki, kuma iskar da ta yi wannan aiki ita ce matan gidan suke shaƙa. Uwargida tana durƙushe gaban duwatsun murhu uku tana hura ɗanyen itace ko kara, idanunta na zubar da hawaye, goyo na bayanta. Idan wutar ta ƙi kamawa sai ta cusa leda, wadda warinta kaɗai ya isa ya shaida wa mutum cewa guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki.

Na ga abin da idona a hunturun da ya wuce. Matar ɗana ta haihu lokacin da hazo ya rufe gari, aka dafa mata ruwan wankan jego da itace kamar yadda aka saba, da dare kuma aka shigar da kaskon gawayi ɗakin, aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi. Ba a yi arba'in ba jaririyar ta fara tari da numfashi sama-sama, muka kai ta asibiti aka ce sanyin haƙarƙari ne, ma'aikaciyar jinya kuma tambayarta ta farko ita ce ko ana kwana da wuta a ɗakin. Allah Ya ba ta lafiya, amma tsofaffin gidan har yau ƙurar hunturu suke ɗora wa laifi. Ƙurar tana da nata rabon, tunda daga hamadar Chadi iska ke kwaso ta, sai dai ba ita aka kulle da jaririyar a ɗaki ba.

Masu cewa a koma girki da gas ina ganin ba su san kasuwar ƙauye ba. Tukunyar gas da kuɗin cika ta sun fi ƙarfin manomin da ke auna hatsi kwano-kwano, kalanzir kuwa an daɗe da mantawa da shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, har mutanen birni da yawa suka koma gawayi, kuma dazuzzukanmu ne ke biyan bashin: ƙirya da marke sun yi wuyar gani, yanzu gatari ya fara kaiwa ga ɗorawa da tsamiya, itatuwan da iyayenmu ba sa yarda a taɓa. Abin takaici, a yankin Neja Delta kamfanonin mai suna ƙona iskar gas a banza dare da rana, a ƙasar da shugabanta na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi alkawari a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shafewa.

Roƙona shi ne ku tura wakilanku ƙauyuka su zauna da mata, da ungozomomi, da magina tukwane da maƙera, a yi bayani da Hausar da kowa zai fahimta a kan murhun laka mai rage cin itace, da amfanin buɗe wa madafa taga, da haɗarin hura wuta da leda ko kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. A kuma tambayi hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi nawa ne daga dashen itatuwan da ake yi kowace damina suke kaiwa bazara da rai. Zai fi kyau a fara wannan aiki kafin a gama girbi, tun sanyi bai sa an fara shigar da kasko ɗaki ba.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa.