Zuwa ga Inna, daga garin Shalu, Taiwan

Assalamu alaikum Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Baba? Ranar Litinin na turo naira dubu 150 ta asusun Yaya. Dubu 60 na maganin Baba ne, kada a taɓa su. Sauran na makarantar Auta ne da cefane.

Yaya ta gaya mini surutun da ake yi a unguwa kan hoton da na sa a Facebook, wai na shiga bori a Taiwan. Inna, kwana biyu ban runtsa ba. Wallahi kallo kawai na tsaya yi. Duk shekara mutanen nan suna ɗauko gunkinsu mai suna Mazu daga garin Dajia, su taka da ƙafa har garin Xingang su dawo, kwana 9, sama da kilomita 300. Ta garinmu suke wucewa. Waɗancan masu fentin fuska da kika gani kusa da ni, da maficin gashin tsuntsu a hannu, a wurinsu dogarai ne masu share hanya. Da zarar an zana musu fuska ba sa sake magana. Na tsaya daf da wani yaro, bai wuce sa'an Auta ba, gumi na zubo masa ta cikin fenti amma ko motsa baki bai yi ba. Mutane na durƙusawa a titi don a wuce da gunkin ta kansu. Ni ban durƙusa ba. Abincin sadakar da ake rabawa ma ban karɓa ba, saboda alade. Juma'a ba ta wuce ni a masallacin birninmu Taichung, tare da 'yan Indunusiya nake salla. Ki faɗa wa Gwaggo haka da bakinki.

Daga baya abokin karatuna ya kunna mini wani fim nasu na 2012, Din Tao, wato sunan irin waɗannan ƙungiyoyi na masu ganga da rawa. An gina shi ne kan wata ƙungiya ta gaske a nan Taichung, Chio-Tian, wadda ta riƙa kwasar yaran da suka bar makaranta. Yawancin mutane kallon 'yan daba suke yi wa irin yaran nan. A fim ɗin ɗa ne ya dawo daga Taipei hannu biyu, shi da mahaifinsa ba sa ga maciji, ya karɓi ƙungiyar, suka goya ganguna suka zagaye ƙasar a ƙafa. Ban ƙarasa kallo ba sai da na yi hawaye, don Auta kawai nake gani.

Na ji yana tsallake makaranta yana bin makaɗa gidan biki. Ki roƙar mini Baba kada ya kore shi. In aka kore shi, wa zai kama shi? Da ina gida da ni zan riƙe shi, na sani, kuma abin na ci mini rai.

Ni lafiya lau. Aikin dare ne dai, wankin kwanoni, hannu ya ɗan tsattsage amma ba komai. Na ci jarrabawata duka.

Kuɗin makarantar nan Yaya ta kai da kanta, kada a ba Auta a hannu, ta turo mini hoton rasit. Dubu 60 ɗin kuma na magani ne, ko Kawu ya zo rance.

Ɗanki