Wasiƙar godiya ga ofishin AFS Japan da 'yan sa-kan rassansa

Zuwa ga ma'aikatan ofishi, da 'yan sa-kai na rassa, da iyayen masauki masu karɓar 'ya'yan mutane a gidajensu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Mu wasu iyaye ne da malamai Hausawa mazauna Japan, waɗanda akan nemi shawararmu idan ɗalibi Musulmi ya zo zaman karatu na shekara a gidan Japanawa. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa muka rubuta wannan a fili, kuma da harshenmu, domin iyayen da ke gida su san irin hannun da ake danƙa yaro a cikinsa.

Tun 1954, shekarar da ɗalibai 8 suka tashi daga Japan zuwa Amurka, ƙungiyarku ta AFS take wannan aiki na musayar ɗaliban sakandare tsakanin ƙasashe. Shirin Asia Kakehashi da ma'aikatar ilimi ta ɗora muku a 2018 ya kawo yara da dama daga ƙasashe irin su Indonesiya, Malesiya, Pakistan da Bangaladash, kuma ana ganin tasirinsa a yadda kuke tafiyar da sha'anin yaro mai salla da azumi. Iyayen masauki kuwa ba a biyan su ko sisi. Su ke ciyar da yaro, su ba shi makwanci, su riƙe shi kamar nasu. Duk uban da ya san wannan zai ja wa ɗansa kunne tun kafin ya hau jirgi.

Abin da ya fi kama zuciyarmu a tsarinku shi ne mutumin nan da kuke haɗa kowane ɗalibi da shi, wanda kuke kira LP. Ba ɗan gidan ba ne, ba malamin makarantar ba ne, amma duk wata sai ya ji ta bakin yaro ya kuma ji ta bakin gida. Wanda bai zauna a nan ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Mutanen Japan ba su cika gaya wa baƙo laifinsa a gaban idonsa ba. Uwar gida za ta goge ruwan da yaro ya zubar yau, ta goge na gobe, ta yi murmushi, abin yana taruwa a ranta. Yaronmu shi ma an rene shi da kunya da kara: ba zai ce bai ƙoshi ba, ba zai ce sanyi ya hana shi barci ba, kuma idan babba na magana sai ya sunkuyar da kai. Gida ya yi shiru, yaro ya yi shiru, sai a wayi gari wata na uku zaman ya yi tsami ba wanda ya san mafarin. LP shi ke jin ƙorafin tun yana ƙarami, ya kai shi ɗaya ɓangaren cikin lafazin da ba zai kunyata kowa ba. Idan abin ya ƙi gyaruwa kuna sauya wa yaro gida ba tare da tozarta shi ko masu gidan ba. Allah ya saka muku da alheri.

Yawancin saɓanin daga ruwa yake farawa. Banɗakin gidan Japan ɗaki ne busasshe, galibi dabam da ɗakin wanka, ba shi da magudana a ƙasa, har da shimfiɗa da silifas nasa na kansa. Yaron da ya saba da buta zai jiƙa shimfiɗar a rana ta farko. Maganin yana nan a jikin masan, domin yawancinsu na da maɓallin fesa ruwa, sai dai rubutun Japananci ne, dole a nuna masa wanne ne na fesawa wanne ne na tsayarwa. Alwala kuma a ɗakin wanka ya kamata a yi ta, inda ƙasa ke shan ruwa, ba a ɗora ƙafa a kwamin wanke fuska ba. Shi wankan kansa da ƙa'ida: a zauna a kan 'yar kujera a cuɗa jiki da sabulu, a ɗauraye tas, sannan a shiga kwamin ruwan zafi mai wajen digiri 40. Ruwan nan na dukan gida ne, ana shiga ɗaya bayan ɗaya, don haka ba a sa masa sabulu, ba a tsiyaye shi, kuma a mayar da murfinsa. Mun ga yadda 'yan sa-kanku ke nanata waɗannan a taron wayar da kai na kwanakin farko, ba sa raina su.

Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Abin da yara ke mantawa shi ne silifas na cikin gida ba ya taka tabarmar tatami, na banɗaki kuma ba ya fita falo.

Batun abinci ya fi nauyi, kuma a nan ne tambayoyin da kuke yi a takardar neman shiga suke da amfani, domin gida ya san abin da ya amince da shi tun kafin yaro ya iso. Cewa "ba na cin alade" kawai ba ta isa ba. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne. Dunƙulen miyar kori na kanti yakan zo da kitsensa. Akwai jelatin, wanda kan fito daga alade, a wasu alawoyi da kayan zaƙi. Mirin, wani ruwan zaƙi na shinkafa wanda ke shiga girkin yau da kullum, na asalinsa yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100, ana kuma girki da giyar sake. Uwar masauki ba da gangan take yi ba, waɗannan a wurinta kayan miya ne kurum. Abin da ke aiki shi ne a zauna da ita a makon farko, a duba kwalaben kicin ɗaya bayan ɗaya, yaro ya haddace alamar 豚 (alade) da ta 酒 (giya) a jikin leda, a kuma tsayar da magana kan naman kaza da na sa na kanti, tunda iyalai sun bambanta a kan wannan. Kifi, ƙwai, shinkafa da awara sun wadata. Mafi yawan manyan makarantun sakandare ba sa dafa abincin rana, uwar gida ce ke tashi da sassafe ta haɗa bento, wato kwanon abincin da yaro zai tafi da shi makaranta. Yaro ya cinye, ya wanke kwanon da kansa, ya ce gochisosama, wato godiyar bayan cin abinci. Kwano da ya dawo da rabi ba bayani yana sosa mata rai ƙwarai.

Salla ma kun sauƙaƙa ta da yi wa makaranta magana tun da wuri, a ware wani ɗaki na azahar. Alƙibla daga Japan yamma ce maso arewa, wajen digiri 293 daga Tokyo, ba gabas ba kamar yadda yaro ya saba a gida. A watan Yuni rana na fitowa a Tokyo kafin ƙarfe 4:30, alfijir kuwa tun kafin ƙarfe 3, bangon gidaje kuma ba shi da kauri, sai a rage ƙarar agogo. Kafin azumi a gaya wa gida da malamin motsa jiki, kada su tsorata.

Muna godiya da rakiyar da ake yi wa yara ofishin ƙaramar hukuma. Ana ba da katin zama a manyan filayen jirgi kamar Narita, Haneda da Kansai, dole a yi rajistar adireshi cikin kwana 14, a shiga inshorar lafiya ta ƙasa wadda ke barin majiyyaci da kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti. Wanda ya kai shekara 16 sai ya riƙa yawo da katin a jikinsa. Yaro shi kaɗai ba zai iya cike takardun nan ba.

Ga iyayen gida muna da magana biyu. Kada a sa kilishi ko dambun nama a jaka da sunan tsaraba: dokar Japan ta hana shigo da nama ba takardar shaidar lafiya, tarar na iya kai yen miliyan 3. Yadin atamfa, hula, ko jakar fata sun fi dacewa. Sannan a rage kira. Japan ta riga Najeriya da Nijar da awa 8, Ghana da awa 9, kiran la'asar a Kano ko Maraɗi tsakar dare ne a nan. Yaron da ke kwana a waya yana gyangyaɗi a aji, yana kulle kansa a ɗaki, masu gida kuma su ɗauka ba ya son su. Zama a falo bayan cin abinci, da faɗin ittekimasu wajen fita da tadaima wajen dawowa, da sanar da uwar gida idan ƙungiyar wasan makaranta za ta sa a makara, su ke sa harshe ya kama bakin yaro gida kuma ya saki jiki da shi.

Roƙonmu gare ku ɗaya ne. Idan yaro ya zo daga ƙasa mai zafi, a zauna da shi kan sanyi tun watan Oktoba. Gidaje da yawa ba a ɗumama su baki ɗaya, ɗaki ɗaki ake yi, kuma hita mai kananzir na bukatar a riƙa buɗe taga kaɗan, a kashe ta kafin barci. A nuna masa rigar ciki mai riƙe ɗumi da yadda ake jera bargo, domin da wuya ya nema da bakinsa. Duk lokacin da kuka bukaci mai fassara ko mai yi wa gidan masauki bayanin azumi da salla, ku neme mu, za mu zo.

Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin guiwa, ya albarkaci gidajen da suka buɗe ƙofarsu.

Naku,
Wasu iyaye da malamai Hausawa mazauna Japan