Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Sakkwato Kan Waɗanda Suka Bugu A Kai

Mai girma Kwamishina, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yawan matasan da hatsarin kabu-kabu ke kwantarwa da rauni a kai, akasarinsu babu hular kwano. Cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana ceto rayuka, mun gode Allah. Kukana yana kan abin da ke biyo bayan sallama.

Matashi zai koma gida ɗinki ya kame, dangi su yi barka, sannan a wayi gari ya daina fita majalisa, yana kwance a zaure da rana tsaka, tuwo ya huce a gabansa, ƙaramar magana ta tunzura shi. Sai a ce ya sauya hali, ko an yi masa sammu, alhali ciwon damuwa ne wanda buguwar ƙwaƙwalwa ke haifarwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda aka kwantar saboda irin wannan rauni sun kamu da matsananciyar damuwa cikin shekarar farko, kuma ko rabinsu ba su samu magani ko shawarar ƙwararru ba. Idan haka ta faru a can, me ake tsammani a Gada ko Kebbe?

Abin takaicin shi ne, ɗaya daga cikin abubuwan da ke taimakawa bai fi ƙarfin aljihun gwamnati ba: motsa jiki mai sa zuciya bugawa da sauri, wato tafiyar sassarfa ko tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya. Yana ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa, yana gyara barci, yana kuma fitar da mutum cikin jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako. Ba ya maye gurbin likita ko ƙwaya, kuma mai jiri ko farfaɗiya ba a ce masa ya je ya yi gudu haka kawai, balle a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Dole likitan gashi, wato ƙwararren gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya auna shi, ya fara masa kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya. Wannan aunawar ce hakkin ma'aikatarka.

An sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a Janairun 2023, kuma tun 2001 aka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi lafiya. Ko sai an ce keken motsa jiki kwangilar biliyoyi ce kafin a tuna da shi? Asibitin masu taɓin hankali na Kware na tarayya ne, ba zai ɗauke wa ƙananan hukumomi 23 nauyinsu ba.

Don Allah, a ba da umarni kada a sallami wanda ya bugu a kai sai da rubutaccen tsarin motsa jiki da ranar dawowa a duba halin zuciyarsa. A sa likitan gashi da keke ko biyu a manyan asibitocin jiha, a kuma ware safiya ɗaya a filin wasa na Giginya inda majinyata za su yi tattaki tare ƙarƙashin kulawar ma'aikaci. Maganar tilasta hular kwano kuwa, sai wata wasiƙar.

Wassalam,
Wani mazaunin birnin Sakkwato