Kafin Ruwan Goronyo Ya Iso

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma zaman Fatakwal yana tafiya daidai. Mu nan ƙasar Argungu sai godiya. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Saƙonka ya iso, har da maganar kuɗin da ku 'yan garinmu mazauna can kuka tara. Allah ya saka muku da alheri. Kun ce a sayi siminti da buhunan yashi a ƙara wa jingar bayan gari tsawo kafin damina. Ban amsa maka ta waya ba don maganar tana da tsawo, kuma na san halinka, da ka katse ni tun ban kai rabi ba. Ra'ayina shi ne kada a zuba kuɗin nan a jinga.

Jinga tana tare cikowar gulbi ta kowace shekara, wadda muka saba da ita tun muna yara. Abin da ke hana ni barci daban ne. Ka san muna zaune ne a ƙarƙashin manyan madatsun ruwa biyu: Goronyo a kan Rima, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, da Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, mai ɗaukar miliyan 450. Gulaben biyu suna haɗuwa kusa da Sakkwato, su gangaro ta Wamakko da Silame da Augie, su bi ta ƙofarmu, su wuce Birnin Kebbi da Bunza kafin su faɗa Kwara. Kana nan gida a watan Satumba na 2010 da ruwan Goronyo ya sauko, ya yanke gadar hanyar jami'a a Sakkwato, ya shafe fadamarmu. Wace jinga ce ta tsaya a lokacin? A Gusau kuwa, ƙarshen Satumba na 2006, dam ɗin garin ya ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi, aka ba da rahoton rasuwar mutum kusan 40 da rushewar gidaje kusan 500. Na Alau kuma duniya ta gani a 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, har fadar Shehu da asibitin koyarwa, bayan ya taɓa yin haka a 1994.

Madatsar da aka gina da ƙasa tana lalacewa ne in ruwa ya haura kanta ya zaizaye ta, ko ya yi ta tsatsowa ta ƙarƙashi har ya huda. Yashin da ke taruwa a cikinta shekara da shekaru kuma yana rage mata ciki, sai ta cika da wuri, masu kula da ita su buɗe ƙofofi dole. Gyaran wannan aikin gwamnati ne, ba na kuɗin ƙungiya ba.

Amma Allah ya ba mu wani abu da mutanen Gusau ba su samu ba, wato nisa. Su dam ɗin yana gefen gari. Mu kuwa sai ruwa ya ratsa Wurno da Sakkwato, ya bazu cikin fadama, kafin ya taɓa mu. Akwai lokacin tashi. Abin da babu shi ne shiri, shi ya sa muka zauna a zauren mai gari da liman da Sarkin Ruwa da shugabannin matasa, muka fara da tambayar da kowa ke gudu: wa zai ce a tashi? Hukumar NiHSA mai lura da ruwan gulabe a Najeriya tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, rediyo yana faɗa, amma hasashe ba ya cewa unguwa kaza ta fita kafin magariba. Takarda kuma in ta biyo ofis-ofis tana iya kwana a hanya. Masunta da 'yan shinkafa sun fi kowa sanin juna daga nan har Goronyo, don haka muka ɗora wa mutum uku karɓar labari daga sama, kowanne da nasa mutanen, don in wayar wani ba caji ko ba sabis ta wani ta shiga. Za a kafa turke a mashaya a yi masa zane biyu. Ruwa ya kai na farko, a kwashe dabbobi da hatsi. Ya kai na biyu, ko labari ya tabbata cewa dam ya ɓalle, mai gari ya sa a yi shela a lasifikar masallaci, ba jiran kowa.

A nan wani dattijo ya kawo abin da mu matasa ba mu hango ba. Ya ce, to matar da mijinta ya tafi cin kasuwa Kamba, ko yana ci-rani a kudu irinku, wa zai ba ta izinin fita? Zaure ya yi tsit. Kowa ya san akwai wadda za ta zauna da 'ya'yanta ruwa na shigowa ɗaki tana neman layin maigida. Liman ya ɗauki nauyin yin huɗuba a kai, cewa tsira da rai yana gaba, kuma kowane magidanci ya furta wa iyalinsa izinin tun yanzu, a gaban wani nasa. Kai ma ka faɗa wa mutanenka na can su bugo gida su yi haka. Ungozomomi za su riƙe lissafin masu tsohon ciki da masu jego, matasa kuma an raba musu tsofaffi da makafi da guragu gida-gida, kowa ya san wanda zai goya. Almajiran tsangaya ma an sa su cikin lissafi, don su ne aka fi mantawa.

Sai maganar dukiya, wadda ita ce ainihin abin da ke kashe mutane. Talaka ba ya ƙin tashi don wauta. Shanun huɗarsa biyu da rumbunsa su ne duk abin da ya mallaka, in ka ce ya bar su ka ce ya zaɓi yunwa. Wanda ya fita ma yakan koma kwance sa, ruwa ya rutsa da shi. Ga kuma tsohon tabo: dattawanmu ba su manta da 1980 ba, da 'yan sanda suka buɗe wa manoman Bakolori wuta kan rikicin gonaki da diyya, ba su kuma manta yadda dam ɗin Kainji ya tashi ƙauyukan ƙasar Yawuri ba. In baƙo ya zo da mota ya ce a tashi, abin da kunnensu ke ji shi ne ba dawowa. Dole maganar ta fito daga bakin nasu. Mun je wurin mutanen tudu, surukanmu ne da yawansu, sun yarda su ba mu makarantar firamare da filin idi, da wurin turke dabbobi tun watan Agusta. Tun ran gini ran zane. Ba ranar da ruwa ya zo ake sallama a ƙofar mutane ba.

Hanyar mota tana yankewa da wuri a wurin kwalbatin nan da ka sani, saura jirgi. Jirgi kuma shi ne abin tsoro na biyu. Ka tuna na Warra a ƙasar Ngaski a 2021, da ya nutse da mutane sama da ɗari, ba ma cikin firgici ba. Sarkin Ruwa ya ce zai tsaya da kansa a bakin mashaya, adadin da ya yanke wa kowane jirgi ba a ƙara ko jariri.

To ga inda nake so kuɗinku su tafi. A gyara manyan jirage biyu da ke jingine, a sayi rigunan ruwa, musamman ƙanana na yara, a sa wa masallacin Juma'a sola da batir don lasifika ta yi magana ko ba wuta, a sami tociloli da igiya. Abin da ya saura a haƙa masai a makarantar tudu a gyara famfonta, don bayan ambaliya rijiyoyi kan gurɓace, amai da gudawa su biyo baya, wani lokaci su fi ruwan ɓarna. Na san ba abin da za a ɗauki hotonsa a tura muku a WhatsApp ba ne kamar jinga sabuwa fil, kuma wasu cikinku za su ce an ci kuɗin. Rasit ɗin komai zai zo hannunka.

Muna so mu gwada fitar sau ɗaya da rani, ranar da ba kasuwa, mu ga minti nawa tsohuwa za ta ɗauka daga bakin gulbi zuwa tudu. Wasu suna cewa kiran masifa ne, liman yana ta fama da su.

Ka karanta wa 'yan ƙungiya wannan a zamanku na gaba, ka ba ni amsa kafin ruwan shuka, don masu gyaran jirgi suna yin wuyar samu da zarar gulbi ya kawo. Ka kuma tambayo mini kuɗin rigunan ruwa a wurinku, an ce sun fi araha a can. Takardun gonarku da na gidan Baba suna wurin Inna cikin kwalla. Ka ba ni izini in sa su a leda in kai gidan yayarka a Birnin Kebbi.

A gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Naka, abokinka.