Wasiƙa zuwa ga 'yata a Abuja, kan abincin Abba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da Abba. Mu nan Jos alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara shigowa. Saƙonki ya same ni. Kin ce tunda yaron ya cika wata 6 kin fara ba shi kunu, maƙwabciyarki ta ce a bar masa komai lami har ya shekara, wata kuma ta ce a sa masa yaji tun yanzu don ya saba. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Ki sa masa kayan ƙamshi, kada ki ji tsoro. Amma ƙamshi daban, zafi daban, gishiri daban, ko da yake a tukunyarmu tare suke shiga. Ƙamshin kaɗai nake cewa ki ba shi.

Abba ba baƙon girkinki ba ne. Tafarnuwar da kika ci da cikinsa ta kai gare shi ta ruwan mahaifa, yanzu ma tana fita a nono. To don me za a haɗa shi da kunun da ba ya ƙamshin komai, sannan ranar da aka miƙa masa tuwo da miyar kuka a yi mamakin ya kau da kai? Ni so nake ya taso da ɗanɗanon gidansu a bakinsa.

Ki fara da citta, ita ce mai sauƙi. Busasshiya irin ta Kaciya, ki daka ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki ɗebi abin da kan yatsu biyu zai ɗauka ki dama kunun gero da ita. Ki ba shi kwana biyu ko uku a kan ita kaɗai kafin ki kawo wani abu, don in wani abu bai karɓe shi ba ki san wanne ne. Bayan nan kirfa, a kan dafaffen dankalin Hausa ko ayaba da aka murƙushe. Zaƙinta zai hutar da ke daga sukari. Kabewa tana son kurkum kaɗan da ɗigon man gyaɗa. Dankalin Turawa da karas kuwa, ki dafa su luguf da albasa da ɗan ɓarin tafarnuwa, ki jefa ganyen ɗaɗɗoya biyu dab da saukewa, ki markaɗe. In ya kai wata 8 ki yi masa gwaten acca mai ruwa-ruwa da alayyafo da ɗan daddawa, muddin ba wadda aka cuɗa da gishiri ba ce. Kanumfari yana da ƙarfi, ƙwaya ɗaya ta isa a ruwan dama kunu, ki tsame ta ki yar.

In ya yamutsa fuska ya tofar, ba ƙi ya yi ba, bai sani ba ne. Wani abincin sai an kawo wa yaro sau takwas ko goma kafin ya karɓa. Kada ki yi masa ɗura.

Zogale nake so ki riƙe da kyau. Daga wata 6 sinadarin ƙarfen da aka haifi yaro da shi yake fara ƙarewa, nono kuma ba ya cike giɓin shi kaɗai, daga nan ƙarancin jini yake shigowa. Ki wanke ganyen, ki shanya a inuwa, ki daka, ki sa rabin ƙaramin cokali a kunu ko fate. Sai dai zogale taimako ne, bai tsaya a madadin hanta da ƙwai da kifi da wake ba. Nono kuma ki ci gaba har shekara 2.

Yanzu abin da ban yarda da shi ba. Gishiri, ko kaɗan, sai ya shekara. Ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba, abin da jikinsa ke buƙata a rana bai kai giram 1 ba, kuma yana samu a nono. Magi ma kusan rabinsa gishiri ne, kori da haɗin kayan miya na leda ma akan sa musu gishiri. In daga tukunyar gida za ki ba shi, ki ɗebe nasa kafin ki zuba su. Barkono da attaruhu da masoro su jira, kanwa kada ta shiga kununsa.

Zuma albarka ce, ba na ja. Amma takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya wa, na jariri ba ya iyawa. Dafinta yakan sa jikin yaro ya saki, ya kasa tsotso, har numfashi ya gagare shi. Ko lasa kada a ba shi kafin wata 12, ko wa ya kawo ta. Haka dauri da jiƙe-jiƙen da za a yi ta kawo miki da sunan maganin haƙori ko kumburin ciki: ki karɓa ki gode, ki ajiye. Zawo ko zazzaɓi na asibiti ne. In kuma bayan sabon abinci kika ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓe ya kumbura, ko amai, ko numfashi yana sarƙewa, ku tafi nan take.

In kin shiga kasuwar Wuse, ki sayi kayan ƙamshinki ɗungurungum, ba niƙaƙƙe ba. Gari ba ya nuna abin da aka cakuɗa masa. A Bangladash an sha fama a shekarun baya da kurkum da aka rina da sinadarin dalma don ya ƙara kyan launi, a Amurka ma a 2023 sai da aka janye wani abincin yara na tuffa saboda dalmar da aka samu a kirfar cikinsa. Kin kuma san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Duk citta ko gyaɗar da kika ga fumfuna a jikinta, zubarwa za ki yi, wuta ba ta kashe gubarta. Ki daka kaɗan-kaɗan, ki rufe a busasshiyar kwalba.

Na ba direba saƙo ranar Asabar: acca mudu biyu, citta, garin zogale da na daka da kaina, da karas da dankali daga Farin Gada. Ki kira ni in ya iso. Babanki yana gaishe ku, ki gaida maigidan. Allah ya raya mana Abba, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
daga Jos.