Masu gem a ƙauye, ku duba kafin ku zuba kuɗi a SSD ko HDD

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana matasa masu buga gem a kwamfuta, musamman mu da muke ƙauye. Ni ina da ɗan shagon gem ne a nan ƙasar Ringim, kuma wallahi abin yana damuna yadda yara ke tara kuɗin ƙwadagon gona ko na cajin waya, su shiga Kano su sayo abin ajiyar wasanni, wato faifan SSD ko na HDD, da bai dace da su ba, kawai dan sun ga wani bature a YouTube ya ce shi ne ya fi gudu. Shi baturen nan wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa kuma in ya goge wasa da safe kafin azahar ya sake sauke shi. Mu fa?

Wasannin yanzu sun yi ƙiba. GTA V a kwamfuta yana cin wajen 100GB, Red Dead Redemption 2 kuwa 150GB yake nema, EA FC 24, wasan ƙwallon 2023 da yara suka yi rububi, shi ma 100GB suka rubuta. Toh mutumin da sai ya hau tudu ko ya fita bakin titi yake samun netwok mai kyau, ka ce ya goge 100GB ya sake saukewa, nawa zai kashe a data, kuma kwana nawa zai yi yana jira? Shi ya sa a wurinmu wasan da ya riga ya shiga kwamfuta dukiya ne, ba a goge shi, sai dai a nema masa wurin zama.

A nan ne HDD yake da rana har yanzu, duk da ana ta cewa ya tsufa. Faifai ne a ciki yana juyawa, wani sau 5400 a minti, wani 7200, gudun karatunsa bai cika wuce 100 zuwa 200MB a sakan ba, amma kuɗin da za ka sayi ƙaramin SSD da shi zai iya ba ka HDD mai faɗin da ya ninka shi. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, na SATA, wato mai mahaɗi irin na HDD, yana kai wajen 550MB a sakan, sai nau'in NVMe, ɗan siririn da ake sokawa kai tsaye a allon kwamfuta, mai mahaɗin PCIe 3.0 wajen 3500, mai 4.0 har 7000. Lambobin nan su ke ruɗar mutane. Daga HDD zuwa SSD na SATA bambancin a fili yake, Windows za ta tashi nan da nan, lodin ɗin wasa zai ragu sosai, ita kanta kwamfutar sai ka ji kaman sabuwa. Amma daga SATA zuwa NVMe, a yawancin wasanni 'yan sakanni ne kawai za ka rage a lodin, ba ninki goma ba kaman yadda kwalin ya sa ka zata. Sannan babu SSD ɗin da zai hana hoto sarƙewa in katin hoton kwamfutarka ko RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ne suka gaza, wannan wata matsala ce daban.

Ni shawarata kullum ita ce a haɗa biyu. SSD na 500GB, ko 1TB in aljihu ya yarda, a sa Windows da wasa biyu ko uku da ake bugawa kullum, sai HDD na 2TB ya zama rumbu, abin da za a ci yau kawai ake ɗebowa a kai madafa, sauran hatsin yana can a ajiye. In a Steam kake, wato dandalin saye da sauke wasanni, yana barin mutum ya buɗe ma'ajiya a kowane faifai kuma ya matsar da wasa daga wannan zuwa wancan ba tare da sake saukewa ba. Sai dai a lura akwai sababbin wasanni irin Starfield na 2023 da kamfanin ya rubuta ƙarara sai da SSD, irin waɗannan kar ma ka wahalar da kanka da HDD. Kuma kar a cika SSD maƙil, a bar masa ɗan fili, in ya cika yana rage gudu.

Kafin ka hau mota zuwa kasuwar Fam Santa ko titin Beirut a Kano, dan Allah buɗe kwamfutarka ka leƙa. Yawancin waɗanda muke saya na hannu tsofaffin na ofis ne, irin su Dell OptiPlex 7010, waɗannan ba su da ramin M.2 sam, wato ramin da ake soka NVMe, SATA kawai suke ɗauka. Wani yaro a unguwarmu ya sayo NVMe mai tsada ya dawo babu inda zai soka shi, ranar na tausaya masa ƙwarai. Ko masu ramin ma, wani M.2 na SATA ne wani na NVMe, kamanninsu kusan ɗaya amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Ka ɗauki hoton lambar kwamfutar a waya ka tafi da shi.

Sai maganar jabu, wadda ita ta fi ci min rai. In ka sayi 1TB ka ga Windows ta nuna 931GB ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta, kar ka je ka yi faɗa da mai shago. Cutar ita ce faifan da aka rubuta 2TB a jikinsa da kuɗin da bai kai na 256GB ba, kwamfuta za ta nuna 2TB ɗin, kana ta zuba wasanni yana karɓa, ranar da ka zo buɗewa sai ka tarar duk sun lalace, saboda ainihin cikinsa ɗan ƙarami ne. Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika faifai ta karanta ta faɗa maka gaskiyar faɗinsa. Na hannu kuma a sa masa CrystalDiskInfo, za ta nuna awa nawa ya yi yana aiki da lafiyarsa, in ta nuna ruwan ɗorawa ko ja ka ajiye musu kayansu komai arharsa. Sunaye irin Samsung, Crucial, Kingston, WD da Seagate sanannu ne, amma su ma ana buga sunansu a kan jabu, gwajin ne dai hujja.

Yanayinmu ma yana da nasa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Jigawa, ga ɗakin kwano, NVMe kuwa in ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu, dan haka a sa masa ɗan ƙarfen sanyayawa kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka. Ɗaukewar wuta ko mutuwar janareto ana tsakiyar kwafi ko sabunta wasa tana iya lalata fayil, a SSD ne ko a HDD, shi ya sa ni a ganina gara ka sayi SSD mai matsakaicin kuɗi ka ƙara da ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ko ka jona a inbata in kana da sola. HDD na waje da ake yawo da shi a kan babur kuma ba ya son jijjiga ko faɗuwa, balle yana cikin aiki. A soka shi a ramin USB 3.0, mai shuɗin nan, dan a tsohon rami kwafin 100GB sai ya ci kusan awa guda, kuma in za a yi masa fomat a zaɓi tsarin NTFS, dan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu na birni, ku ajiye kwamfuta ɗaya a shago ta gwaji, ku bar mai saye ya duba kayan a gabanku, ku rubuta masa rasit da garanti ko na wata ɗaya ne. Wanda ya taso daga Ringim ko Taura ko Babura ba kullum zai iya biyan kuɗin mota ya dawo a canza masa kaya ba.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai shagon gem, daga ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa